Daga Gatarin Aradu Zuwa Sandar Jan Ƙarfe: Tarihin Zamanmu da Tsawa a Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

 Bisa al'ada, wannan fili na tarihi yakan kawo muku labarin sarauta, ko na kasuwanni, ko na malaman da suka raya garuruwanmu. A bana mun ga ya dace mu ɗauko tarihin wata tsohuwar maƙwabciya da muka daɗe muna zaune da ita, wadda ba ta taɓa saɓa alkawarin ziyartarmu ba a duk farkon damina, wato tsawa.

Dalilinmu a fili yake. Shekara da shekaru muna tara kuɗi daga guminmu muna aikawa gida, a haƙa rijiyar burtsatse, a ɗora farantan sola a asibiti, a saya wa masallaci lasifika da amfilifaya, a kai wa makaranta kwamfuta. Sau da yawa kuma, kafin a yi ruwa uku, sai labari ya iso mana cewa kayan sun ƙone. Mukan yi jimami, mu sake karo-karo, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi abin da ya sa hakan ke faruwa ba. Amsar tana cikin ƙasar da muke takawa, tana kuma cikin wani dogon tarihi da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya sani.

Ƙasar da Muke Kai

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma har gobe Sarkinta ake yi wa kirari da Autan Bawo. A rabon ayyukan da tarihin baka ya ruwaito, Kano da Rano su ne sarakunan baba, saboda noman baba da rini da saƙa da suka yi fice a kai. Duk wanda ya baro Kano ya nufo kudu zai lura da yadda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take fara tashi, manyan duwatsu suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, har ya iso Rano da Rurum inda duwatsun suka yi wa garuruwa ƙawanya. A ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Ningawa suka addabi kudancin ƙasar Kano, waɗannan duwatsu da ganuwoyi sun zame wa kakanninmu mafaka.

Dutsen da muke gani a sama bai ƙare a nan ba. Ya shimfiɗu a ƙarƙashin gonakinmu. A wurare da yawa, daga Saji zuwa Tarai, daga Lausu zuwa Durba, mai haƙa zai fara da jigawa mai rairayi, ya tarar da tsakuwa ko marmara, sannan ya ci karo da dutse. Masu haƙar rijiya sun fi kowa sanin wannan. Sai a fadamu da bakin koguna, da kewayen Tiga da Ruwan Kanya, ake samun laka mai riƙe danshi duk shekara.

Ruwan sama kuma yakan ɗauke mana wajen watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu. Wata shida zuwa bakwai hunturu da bazara suna tsotse danshin ƙasa. Hadarin farko, wanda kan taso daga gabas da iska da ƙura da walƙiya mai yawa, yakan sami ƙasar a mafi bushewar da take yi a shekara. A riƙe wannan batu da kyau, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Yadda Kakanninmu Suka Ɗauki Tsawa

Yawan kalmomin da Bahaushe ya tanadar wa wannan abu ya isa shaida a kan yadda ya sa masa ido. Hasken shi ne walƙiya, rugugin da ake ji daga nesa shi ne cida, ƙarar kusa ita ce tsawa, abin da ke faɗowa ya tsaga itace kuwa shi ne aradu ko kwarankwatsa. Tun kafin Musulunci ya kafu a karkara, rantsuwa da aradu tana cikin manyan rantsuwoyi, domin an yi imani cewa takan nemi maƙaryaci da ɓarawo. Har yau akan ji ragowar wannan a bakin mutane idan gardama ta yi zafi.

Manoma kan tsinci wani ɗan dutse mai santsi mai baki kamar na gatari, su ce gatarin aradu ne da ya faɗo daga sama, a adana shi a gida ko a kai wa mai magani. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar da cewa waɗannan gatura ne na dutse da mutanen dā suka wasa da hannunsu kafin a san ƙira. Ruwan sama ne ke wanke ƙasa ya fito da su, shi ya sa aka fi ganinsu bayan hadari. Wani abin sha'awa shi ne, mutanen Turai da na Asiya ma sun daɗe suna yi wa irin waɗannan duwatsu wannan fassara.

Mun taso muna jin cewa wutar da tsawa ta kunna sai da nono take mutuwa, kuma ba a taɓa wanda ta faɗa wa. Da Musulunci ya game ƙasa, malamai suka karantar da cewa tsawa aya ce daga ayoyin Ubangiji, har sura ta 13 a cikin Alƙur'ani mai girma da sunanta ake kiranta, wato Suratur Ra'ad, suka kuma hana rantsuwa da wanin Allah.

Ban da imani, akwai ilimin lura. Dattawa sun san cewa giginya da rimi da duk itacen da ya tsaya shi kaɗai a fili sun fi shan duka, sun hana yara fakewa a gindinsu, sun hana hawa kan dutse idan hadari ya haɗo. Gidajensu na ƙasa ne da azara da jinka, ba waya a ciki, ba na'ura. Asararsu ita ce rai, ko dabba, ko rumbun da ya kama wuta. Ba su da wani kaya da tsawar da ta faɗi a nesa za ta biyo waya ta lalata.

Sandar Franklin

A shekarar 1752, wani Ba'amurke mai suna Benjamin Franklin, mazaunin birnin Filadelfiya, ya tabbatar da cewa walƙiya da lantarki abu ɗaya ne. A wannan shekarar ce kuma aka gwada shawararsa a Faransa, inda aka kafa doguwar sandar ƙarfe aka ga tartsatsi yana fita daga jikinta a lokacin hadari. Daga nan aka samo makarin tsawa, abin da masu aikin wuta a yau ke kira tanda aresta: sanda a ƙololuwar gini, waya mai kauri ta sauko daga jikinta, a binne ƙarshenta a ƙasa.

Ba a daɗe ba aka koyi darasi mai ɗaci. A 1753, wani masani a birnin Santa Fitasbag na ƙasar Rasha mai suna Georg Richmann ya kafa sanda ya shigo da wayarta cikin ɗakin bincikensa ba tare da ya sada ta da ƙasa ba. Tsawa ta biyo wayar ta kashe shi nan take. Wannan ya nuna cewa sandar da ke sama kira kawai take yi. Mai karɓar baƙuwar ita ce ƙasa. Wanda ya kafa sanda bai gyara mata hanyar shiga ƙasa ba, ya gayyato abin da ba shi da masaukinsa.

A 1769 kuma tsawa ta faɗa kan wani gini a birnin Bireshiya na ƙasar Italiya inda aka tara albarushi mai yawa, ya tashi da babban sashe na birnin, ɗaruruwan mutane suka halaka. Irin wannan bala'i ne ya sa hukumomin Turai suka fara tilasta sa makarin tsawa a rumbunan makamai da dogayen gine-gine.

Zuwan Waya, Kwano da Lantarki

A farkon watan Fabrairu na 1903, rundunar Turawan Ingila da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji, maƙwabciyarmu, ta wuce ta ci Kano. Wayar tangaraho ta biyo sawunsu, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Tangarahon wancan zamani waya ɗaya tak ake ja a kan turaku, saƙon ya dawo ta cikin ƙasa, dabarar da wani Bajamushe mai suna Steinheil ya gano a 1838. Ke nan tun daga na'urar lantarki ta farko da ta shigo ƙasar Hausa, aikinta ya rataya ne a kan kyakkyawar haɗuwa tsakanin ƙarfe da ƙasa mai danshi.

Birnin Kano ya sami wutar lantarki daga tashar Challawa a farkon shekarun 1930, a ƙarƙashin En'e. An gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, abin da ya kawo hanyoyi da injuna da ma'aikata zuwa yankinmu. Sannu a hankali turakun wuta suka ratsa gonaki suka iso garuruwanmu, tiransifoma ta zama abin da kowace unguwa ke roƙo a wurin 'yan siyasa.

A daidai wannan lokaci kwano ya maye gurbin jinka da soro, masallatan Juma'a suka sami dogayen hasumiyoyi da lasifika a kansu, gidaje suka ɗaga eriyar talabijin a kan dogon gora ko bututun ƙarfe. A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, bayan 'yan shekaru dogayen ƙarafan sadarwa suka tsaya a Rano da Kibiya da ƙauyukansu. Daga baya sola ta zo, da farantanta da batir da inbata, ta zama madogarar asibitoci da rijiyoyin burtsatse.

Cikin ƙasa da shekara 100, mun cika sararin garuruwanmu da dogayen ƙarafa, mun haɗa su da wayoyi masu nisan kilomitoci, mun rataya a ƙarshen wayoyin na'urori masu laushi waɗanda ɗan ƙarin wuta kaɗan ke kashewa. Fitila da fanka na zamanin NEPA suna da juriya; inbata da kwamfuta ba su da ita. Tsawar ba ta ƙaru don mu ba, abin da za ta ɓata ne ya ƙaru.

Me Ya Sa Busasshen Rairayi Ke Ƙin Karɓar Wuta?

Walƙiya guda takan ɗauko wuta mai ƙarfin amfiya kusan 30,000, alhali gida mai fitilu da fanka da firji bai cika jan amfiya 10 ba. Zafin hanyar da take bi ya ninka na fuskar rana kusan sau 5. Idan ta faɗa kan tsantsar rairayi takan narkar da shi ya zama wani bututu na gilashi mai rassa kamar saiwa. An tsinci irinsu da yawa a hamadar Sahara, har da gabashin Jamhuriyar Nijar.

Wannan wuta dole ta shige ƙasa ta watsu. Ƙwayar rairayi da dutse ba sa ɗaukar lantarki. Ruwan da ke tsakaninsu, tare da gishirin da ya narke a cikinsa, shi ke ɗauka. A 1915, wani masani na hukumar ma'aunai ta Amurka mai suna Frank Wenner ya fito da hanyar auna taurin kan ƙasa ga lantarki, ta hanyar kafa ƙusoshi 4 a jere, kuma har yau da ita ake aiki. A wannan ma'auni, lakar fadama mai danshi takan nuna ƙasa da 100, busasshen rairayi yakan haura 1,000, dutse irin namu kuwa dubbai.

Ana auna ingancin sandar da aka binne da ma'aunin da ake kira om; ƙarancin lambar shi ne kyanta. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kariya daga tsawa ta ba da shawarar kada ta wuce om 10. Ga lissafi mai sauƙi: amfiya 30,000 idan ta bi ta sanda mai om 10, ƙarfin da zai taru a wurin zai kai bolt 300,000, idan sandar mai om 100 ce, zai kai miliyan 3. Wutar da ta rasa ƙofa a ƙasa takan nemi wata, ta tsallaka kan wayar gida, ko bututun ruwa, ko wayar famfon da ke can cikin rijiya inda danshi yake. Kamar ruwa ne da ya sauko daga kan dutse: idan ya sami kwari ya bi, idan bai samu ba ya shiga gidajen mutane.

Haka kuma, ba sai tsawa ta faɗa kan gini take ɓarna ba. Mafi yawan kayan da ke ƙonewa, tsawar ta faɗi ne a wani wuri, ta tura ambaliyar wuta ta cikin wayoyin da ke kusa. Shi ya sa mutum zai rantse bai ga komai ya faɗo a gidansa ba, amma ya wayi gari talabijin da caja duk sun mutu.

Darasi Daga Hamadar Arizona

Ba mu kaɗai ne muka yi fama da busasshiyar ƙasa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun gina rumbunan bama-bamai a jihar Arizona, ƙasa mai rairayi da duwatsu da ƙarancin ruwa. Domin samun kariyar da ake buƙata, sai an kafa sandunan jan ƙarfe masu tsawon gaske, ga tsada, ga yaƙi ya sa jan ƙarfe ya yi wuya. A 1942 aka ɗora wa wani injiniya mai suna Herbert Ufer nauyin nemo mafita.

Ufer ya lura cewa kankare yana tsotsar danshi ya riƙe shi na dogon lokaci, yana kuma ɗaukar lantarki fiye da ƙasar da ke kewaye da shi, ga shi harsashin gini yana da faɗin da yake manne da ƙasa. Sai ya haɗa wayar kariya da rodin da ke cikin kankaren harsashin. Gine-ginen da ya yi wa haka sun riƙa nuna tsakanin om 2 zuwa 5, kuma da aka sake aunawa bayan shekaru masu yawa ba su canza ba. A 1968 dabarar ta shiga kundin ƙa'idojin aikin lantarki na Amurka, inda daga baya aka ƙayyade aƙalla ƙafa 20 na rodi, wato kimanin mita 6, a cikin kankaren da ke taɓa ƙasa kai tsaye.

Abin lura a nan shi ne, duk ginin da muke yi a yau, aji ne ko ɗakin shan magani ko ƙafafun tankin ruwa, da kankare da rodi muke yin harsashinsa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a ɗaure rodin da kyau ko a yi masa walda, a fito da kan guda ɗaya waje kafin a zuba kankare, kuma kada a shimfiɗa leda tsakaninsa da ƙasa a wannan wurin. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba idan an tuna da shi tun ranar haƙa harsashi. Idan an riga an zuba kankare, damar ta wuce.

Gawayi da Gishiri

Dabarar da masu aikin wuta na gida suka gada ita ce a haƙa rami, a kafa sanda, a zuba gawayi da gishiri, a kwarara ruwa, a rufe. Dabara ce mai tushe, domin gawayi na riƙe danshi, gishiri kuma na taimaka wa ruwa ɗaukar lantarki. Sai dai tana da aibi biyu. Na farko, a ƙasa mai rairayi ruwan damina kan wanke gishirin cikin 'yan shekaru. Na biyu, gishiri na cin ƙarfe, musamman irin sandunan da suka cika kasuwa, waɗanda baƙin ƙarfe ne aka shafa musu jan ƙarfe sama-sama. Akwai wani yumɓu da ake kira bentonait, wanda masu haƙar burtsatse suka sani, da ke kumbura ya riƙe ruwa ba tare da ya ci ƙarfe kamar gishiri ba. Injiniyoyi sun fi son sa a irin wannan aiki.

Mu kanmu mun ɗanɗana. Akwai rijiyar burtsatse mai aiki da sola da wasunmu suka haɗa kuɗi suka yi wa wani ƙauye. An buɗe ta da kaka, aka yi walima, aka ɗauki hotuna. Hadarin farko na bazarar da ta biyo ya ƙone na'urar sarrafa famfon. Da aka tone gindin tankin sai aka tarar da sandar da ɗan kwangila ya kafa ba ta kai tsawon hannu ba, a tsaye cikin busasshen rairayi, wayar kuma an naɗa mata ne kawai ba a ɗaure da maƙala ba. Mata da yara suka koma tafiyar da aka yi rijiyar domin a hutar da su, har sai da aka sake karo-karo. Ba mu da bakin ɗora wa ɗan kwangila laifin duka, domin babu ko layi ɗaya a takardar yarjejeniyar da ya ambaci kariya daga tsawa, kuma mu muka matsa masa ya rage farashi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma matsalar ɓarayi. Jan ƙarfe na da daraja a wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa, don haka akan yanke wayar ƙasa ta tiransifoma ko ta hasumiya cikin dare. Ba wanda ke lura, domin wuta na ci gaba da zuwa, sai ranar da hadari ya tona asiri.

Rai Ya Fi Kaya

Duk tsadar inbata, ana iya sayen wata. A ranar 28 ga Yuni, 2011, tsawa ta faɗa kan makarantar firamare ta Runyanya a ƙasar Yuganda ta kashe ɗalibai 18 da suka fake a aji. Saboda tunawa da su ne aka ware wannan rana a kowace shekara domin wayar da kai a kan haɗarin tsawa. Ajin nan bai bambanta da namu ba: rufin kwano a kan katako, ba wata hanya da wuta za ta bi ta sauka ƙasa sai ta jikin wanda ke ciki. A watan Satumba na 2019 kuma, tsawa ta kashe shanu 36 a kan wani tsauni a garin Ijare na Jihar Ondo. Abin da ke kashe garke haka shi ne wutar da ke bazuwa a saman ƙasa, ta shiga ta ƙafafun gaba ta fita ta na baya. Kuma inda ƙasa ta bushe ko dutse ya yi kusa, bazuwar ta fi muni.

Saboda haka a koya wa yara da manoma da makiyaya lissafin nan: tsakanin ganin walƙiya da jin ƙararta, kowane daƙiƙa 3 daidai yake da kilomita 1. Duk wanda ke jin tsawa yana cikin iyakar da za ta iya kai masa. A sauko daga kan dutse, a fito daga ruwa, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai da shingen waya, a shiga ginin kirki ko mota mai rufin ƙarfe, a kuma dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Wanda tsawa ta buga ba ya ɗauke da wuta a jikinsa. A taɓa shi, a duba numfashinsa, a danna masa ƙirji idan zuciya ta tsaya, a garzaya da shi asibiti. Jiran a nemo nono ya sha jawo asarar ran da za a iya cetowa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Muna ba rassan ƙungiya da kwamitin ayyuka shawarar cewa daga yanzu kada a sa hannu a kan kwangilar gini, ko ta sola, ko ta burtsatse, sai an rubuta aikin kariya daga tsawa a cikinta da farashinsa. A yi amfani da rodin harsashi kamar yadda Ufer ya yi. Inda dutse ya hana sanda nitsewa, a haƙa kwalbati mai zurfin aƙalla rabin mita a kewaye ginin, a shimfiɗa wayar jan ƙarfe a ciki ta zagaye shi. Inda za a kafa sanduna da yawa, a bar tazarar da ba ta gaza tsawon sandar ba a tsakaninsu. Wayar da ke saukowa daga sama ta zo a miƙe ba tare da lanƙwasa mai kaifi ba, a kuma lulluɓe ƙasanta da bututu da siminti saboda ɓarayi.

Haka nan, a haɗe dukkan ƙarafan wuri guda, da firam ɗin sola, da ƙafafun tanki, da jikin janareta, da wayar ƙasa ta gida, su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, domin bambancin ƙarfin wuta tsakanin ƙarfe biyu shi ke haifar da tartsatsi. A sa na'urar tare ambaliyar wuta a bakin kowace waya da ke shiga gini. Sannan a auna aikin da na'ura a gaban wakilinmu kafin a biya kuɗin ƙarshe, a kuma sake aunawa kowace shekara a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Awon da aka yi a watan Agusta yaudarar kai ne. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, tana da alhakin duba ingancin ayyukan lantarki, kuma a cikinmu akwai injiniyoyi da ƙwararrun masu aikin wuta da za su iya sadaukar da yini guda a shekara domin zagaya makarantu da masallatai da asibitocin gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Kakanninmu sun zauna da tsawa da iyakar saninsu, sun lura, sun gargaɗi 'ya'yansu, kuma abin da suka bar mana na hikima a kan itace da dutse har yau kimiyya ba ta ƙaryata shi ba. Mu ne muka kawo ƙarfe da waya da na'ura, don haka a wuyanmu nauyin kare su ya rataya. Ɗaukar mataki bai saɓa wa tawakkali ba. Manomin da ya dogara ga Allah shi ne dai yake yi wa gonarsa shinge. Aikin da ke binne a ƙasa ba ya fitowa a hoton bikin buɗewa, ba a kuma rubuta sunan kowa a jikinsa, amma shi ne zai sa rijiyar da muka haƙa bana ta ci gaba da ba jikokinmu ruwa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga sharrin tsawa da iska, Ya ƙara haɗa kan al'ummar Rano da Kibiya a gida da waje, amin.